Yadda Ake Sauya wa Gida Mazauni a Kan Gangare Cikin Manhajar Zanen Gidaje

A fili shimfiɗaɗɗe, matsar da zanen gida daga wannan kusurwa zuwa waccan ba ya ɗaukar minti guda a kwamfuta. A kan gangare kuwa lamarin ya sha bamban, domin duk takun da gidan ya yi zuwa tudu ko zuwa kwari yana sauya tsayin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, alhali daɓen gidan yana nan a inda aka bar shi tun farko. Wannan ne dalilin da ya sa bayan an ja gida sai a tarar bayansa yana reto a iska, ko kuma ƙasa ta haɗiye rabin tagogin gabansa. Sauya mazauni motsi uku ne mabambanta, wato matsawa, juyawa, da kuma ɗagawa ko saukarwa, kuma na ukun nan shi ne wanda aka fi mantawa da shi, shi ne kuma yake yanke hukunci kan ko ruwan sama zai kewaye gidan ko zai shiga cikinsa.

Domin bayanin ya zauna a kan alƙaluma, a ɗauka muna da fili mai faɗin mita 25 da tsawon mita 40. Titi yana ta sama, inda tsayin ƙasa yake mita 104.00, ƙarshen filin kuma yana mita 100.00, ƙasar tana gangarowa daidai wa daida. Gidan da aka zana yana da tsawon mita 14 da faɗin mita 10, an ajiye shi mita 6 daga titi, tsawonsa yana bin gangaren, kuma ana son a ja shi baya domin a samu wurin juya mota a gaba. Da wannan misali za a bi aikin har ƙarshensa.

Abin da ake yi kafin a taɓa gidan

Da farko a adana kwafin fayil ɗin da wani suna dabam mai ɗauke da kwanan wata, a yi aiki a kan kwafin. Umarnin komawa baya yana da iyaka, kuma sau da yawa ɓarnar da matsar da gida ke yi ba ta bayyana sai an daɗe da wuce wannan iyakar.

Daga nan sai a rubuta alƙaluma shida a takarda: tsayin daɓen bene na farko, tsayin ƙasa a kowace daga kusurwoyi huɗu na gidan, da tsayin turken awo, wato wurin nan na dindindin da mai safiyo ya ɗora dukan awonsa a kai. A misalinmu kusurwoyin gaba suna 103.40, na baya suna 102.00. Waɗannan alƙaluma su ne shaidar da za a dawo gare ta bayan an gama. Idan tsayin turken awo ya sauya ko da santimita ɗaya ne, to an motsa abin da bai kamata a motsa ba.

Ya wajaba kuma a san daga ina bayanan ƙasar suka fito. Wasu manhajoji suna jawo siffar ƙasa daga intanet da danna ɗaya, abin kuma yana da kyau a ido, amma yawancin irin waɗannan bayanai na duniya baki ɗaya masu kauri ne. Awon SRTM da aka ɗauka daga sararin samaniya a shekarar 2000, alal misali, yana ba da tsayi ɗaya ne a kusan kowace mita 30, ke nan gida mai tsawon mita 14 zai iya faɗawa gaba ɗayansa tsakanin maki biyu na awon ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. Irin wannan ya isa a gane inda tudu yake da inda kwari yake, amma bai isa a yanke tsayin daɓe da shi ba. Abin dogaro shi ne taswirar mai safiyo mai layukan tsayi, waɗanda kowane layi a cikinsu yake haɗa wuraren da tsayinsu yake ɗaya, kuma ga fili irin na gida ɗaya an fi son tazarar rabin mita ko ƙasa da haka tsakanin layi da layi. A tabbata kuma ma'aunin da aka shigo da taswirar da shi ya dace da na zanen, domin taswirar da aka yi da mita aka karanta ta da ƙafa za ta tsuke fiye da ninki uku. Hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a auna gefe ɗaya na iyakar fili a allo, a gwada shi da abin da ke rubuce a takardar fili.

A raba zanen gida biyu

Dukan abin da ke cikin fayil ɗin dole ya faɗa ɗaya daga ɓangarori biyu. Ɓangaren gida ya ƙunshi bangwaye na kowane bene, fandisho, rufi, matakalar ciki, baranda, kayan ɗaki, wayoyin lantarki, da rubuce-rubucen awo da ke manne da su. Ɓangaren ƙasa ya ƙunshi layukan tsayi, makin awo, iyakar fili, titi, bishiyoyin da ake da su, turken awo, bututun hukuma, da kibiyar da ke nuna arewa. Ƙa'idar da dukan aikin ya rataya a kanta ita ce a motsa ɓangare ɗaya ɗungurungum, a bar ɗayan ɗungurungum. Mafi yawan ɓarnar da ake gani tana zuwa ne daga tsintar rabin wannan da rabin wancan, kamar a ja gida tare da makin awo uku da suka faɗo cikin akwatin zaɓe, sai ƙasa ta yi wani ƙullutu a inda babu shi a zahiri.

Wanne za a motsa daga cikinsu? A zahiri gida ne ke tafiya, ƙasa tana zaune, amma a cikin manhaja sakamakon ɗaya ne ko wanne aka ja, kuma akwai lokutan da jan ƙasa ya fi aminci. Idan zanen gidan ya yi nisa, an riga an fitar da shafukan bugawa, zanen fuskoki da na yanka (mai nuna gida kamar an tsaga shi) duk sun ɗaure da inda gidan yake, to barin gidan a wurinsa a zame ƙasar ƙarƙashinsa ya fi sauƙi, musamman idan akwai juyawa a ciki, domin gidan da bangwayensa suka karkace daga layukan allo yana wahalar gyarawa daga baya. Idan kuwa gidan yana matakin farko, ko kuma akwai gine-gine da yawa a fili ɗaya, to gidan ake ja. Abin lura kawai shi ne, wanda ya zaɓi jan ƙasa zai ja ta ne zuwa kishiyar inda yake son gidan ya nufa, kuma idan ya juya ta dole kibiyar arewa ta juya tare da ita, in ba haka ba duk lissafin rana da inuwa ya lalace.

Bayan an yanke shawara, sai a kulle shimfiɗun (wato layers, rukunan da manhaja ke jera abubuwan zane a cikinsu) ɓangaren da ba za a taɓa ba, a kuma buɗe duk shimfiɗun da aka ɓoye na ɓangaren da za a motsa. Ɓoyayyun abubuwa su ne suka fi zama a baya.

Zaɓen sabon mazauni

Kafin a ja komai, a zana layukan tazarar da hukumar tsara gine-gine ta wurin ta gindaya tsakanin gini da titi da kuma maƙwabta, tare da duk wata hanyar bututu ko wayar lantarki da ba a yarda a yi gini a kanta ba. Abin da ya rage a tsakiya shi ne inda gidan zai iya zama. Sai a zana murabba'i mai sauƙi daidai girman gidan, har da fitar rufi da baranda, a riƙa gwada shi a wurare daban-daban. Gwaji da layi huɗu ya fi gwaji da gida sukutum sauri.

Ana lissafin tsananin gangare ne ta raba bambancin tsayi da nisan da aka yi a kwance. Filinmu ya sauka mita 4 a cikin mita 40, wato kashi 10 cikin 100, ko santimita 10 a kowace mita. Inda layukan tsayi suka matsu da juna gangaren ya yi tsanani, inda suka buɗe ya yi sauƙi, inda kuma suka lanƙwashe suka yi tsini mai kallon tudu, nan ce hanyar da ruwa ke bi, kuma ba a ajiye gida a kanta sai idan babu makawa.

A nan ne juyawa ke nuna amfaninta. Gidanmu da tsawonsa ke bin gangare yana da bambancin mita 1.40 tsakanin gabansa da bayansa. Idan aka juya shi digiri 90, tsawonsa ya kwanta tare da layukan tsayi, mita 10 kaɗai ke bin gangaren, bambancin ya dawo mita 1.00. An rage santimita 40 na haƙa ko ciko ko ginin fandisho ba tare da an sauya ko bango ɗaya ba, kuma faɗin fili na mita 25 zai bar mita 5.5 a kowane gefe. A ganina wannan ita ce dabara ta farko da ya kamata a gwada a kowane fili mai gangare, sai dai a duba abin da juyawar ta yi wa ɗakuna, domin tagar da da take kallon arewa za ta iya komawa kallon yamma, ta kwashi zafin rana na la'asar. Mu ɗauka an amince da juyawar, kuma bangon gaba zai zauna mita 12 daga titi. Ƙasa a nan tana 102.80, a bangon baya kuma, mita 22 daga titi, tana 101.80.

Matsawa da juyawa

Ana yin wannan aiki ne daga kallon sama, ba daga kallon siffa mai fuska uku ba, domin a can linzamin kwamfuta yana iya manne wa wani wuri a jikin ƙasa ya ɗaga gidan ko ya saukar da shi ba a sani ba. Kuma ba a ja da ido. A zaɓi kusurwa ɗaya ta gidan a matsayin wurin kamawa, a fara ja, sannan a rubuta nisan da lamba. A yi juyawar tukuna a kan wannan kusurwa, sannan matsawar, kowace ita kaɗai, domin idan aka samu kuskure a san a wane motsi ya shigo.

Kowace manhajar zane da tata hanyar. A SketchUp, a fara haɗa dukan gidan ya zama rukuni ɗaya, domin layukan da ba a haɗa ba suna manne wa duk abin da suka taɓa, kuma idan suka manne wa ƙasa, jan gida zai yage ta. Maɓallan kibiya suna kulle motsi a kan layi ɗaya: kibiyar dama tana kulle layi mai launin ja, ta hagu kore, ta sama kuma shuɗi, wanda shi ne na hawa da sauka. A Chief Architect da ƙanensa Home Designer, zaɓe na yau da kullum yana ɗaukar benen da ake kallo ne kaɗai, saboda haka ana amfani da umarnin Edit Area na dukan benaye, a zana akwati da ya kewaye gidan har da fitar rufinsa, a tabbata bai haɗa da bayanan tsayin ƙasa ba. A Revit hanyar da ta fi tsafta ita ce a ajiye fili a fayil ɗaya, gida a wani, a haɗo gidan cikin fayil ɗin fili, ta yadda zai motsu gaba ɗaya kamar abu guda, sannan a adana sabon matsayinsa. Revit yana kuma bambanta arewar zane da arewa ta gaskiya, wanda ke ba da damar shafuka su zauna a miƙe ko da gidan a karkace yake a fili. A kula kada zanen ya yi nisa da cibiyar awon manhaja, domin Revit yana buƙatar komai ya kasance cikin kimanin kilomita 16 daga cibiyarsa, sauran manhajoji ma sukan fara nuna layuka suna rawa idan aka yi nisa ƙwarai.

Da an gama, a leƙa kowane bene ɗaya bayan ɗaya, daga fandisho har rufi, a ga ko wani abu ya yi saura a tsohon wuri. Matakala, ginshiƙan baranda, bututun hayaƙi da fitilun waje su ne suka saba maƙalewa. Sannan a auna nisan kusurwoyi biyu na gidan daga iyakar fili, domin kusurwa ɗaya ba ta nuna ko juyawar ta yi daidai.

Yanke tsayin daɓe

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane nauyi, kuma bai kamata a bar wa manhaja ta yanke shi ba. A Chief Architect da Home Designer bene na farko yana zaune ne a sifili koyaushe, ƙasa ce ake ɗagawa ko saukarwa a kewayensa, kuma a cikin akwatin bayanan ƙasa akwai zaɓin da ke barin manhajar ta ƙiyasta tsayin da kanta tare da baje wurin zaman gini. A fili mai lebur wannan yana aiki lafiya, amma a gangare a cire alamar da ke kan wannan zaɓi a rubuta tsayin da hannu. A Revit da Archicad ma akwai sifilin gini da kuma tsayin gaske na safiyo, kuma dangantakar da ke tsakaninsu ce ake gyarawa, ba tsayin kowane bango ɗaya bayan ɗaya ba. A SketchUp kuwa rukunin gidan ake ɗagawa a kan shuɗin layi da adadin da aka lissafa.

To wane adadi? Ga gidanmu akwai zaɓi biyu da suka fi fitowa fili. Na farko shi ne a ɗauki kusurwa mafi tudu, 102.80, a ƙara santimita 30, daɓe ya zama 103.10. Ta haka babu inda ƙasa ta haura daɓe, amma a baya daɓen zai tsaya mita 1.30 sama da ƙasa, wanda ke nufin dogon bangon fandisho da ciko mai yawa, da matakala mai hawa bakwai ko takwas a ƙofar baya. Na biyu shi ne a raba bambancin biyu, a baje wurin zaman gini a 102.30, a haƙa rabin mita a gaba a cike rabin mita a baya, daɓe ya zama 102.60. A ƙarƙashin gidan kaɗai haƙar za ta kai kubik mita 17.5, cikon ma haka, saboda haka a takarda ƙasar da aka fitar a gaba ita za ta koma baya, ba a sayo ba, ba a zubar ba.

Zaɓi na biyu yana da daɗin ji, kuma shi ne yawancin masu koyo ke runguma, amma akwai abubuwa biyu a wajen gidan da dole a tambaye su tukuna. Na ɗaya hanyar mota. Idan daɓen gareji yana santimita 15 ƙasa da na gida, a zaɓi na biyu zai zama 102.45, ke nan mota za ta sauko mita 1.55 a cikin mita 12, kusan kashi 13 cikin 100, kuma wannan kafin a cire ɗan wurin da ake sassautawa a bakin titi da bakin gareji domin kada ƙasan mota ya gogi ƙasa. A zaɓi na farko garejin yana 102.95, gangaren bai kai kashi 9 ba. Na biyu bututun ƙazanta. A ɗauka babban bututun hukuma yana bin titi, cikinsa yana 102.20, bututun gida kuma yana fita santimita 60 ƙasa da daɓe, yana buƙatar gangaren kashi 2 cikin 100, wato santimita 24 a cikin mita 12. A zaɓi na farko zai fita a 102.50 ya isa titi a 102.26, ya shiga da rarar santimita 6. A zaɓi na biyu zai fita a 102.00, tun daga bakin gida yana ƙasa da bututun da ake son ya zuba a ciki, sai dai a sa famfo mai tura ƙazanta sama, wanda zai riƙa cin wuta da gyara muddin gidan yana tsaye. Da ni ne mai wannan zane, zaɓi na farko zan ɗauka, in biya kuɗin bangon fandisho sau ɗaya. Da a ce ramin ƙazanta za a haƙa a ƙasan filin, da hukuncin ya iya juyawa. Babu wata manhaja da za ta yi wa mai zane wannan tunani, domin ba ta san inda bututun yake ba sai an gaya mata.

Idan gangaren ya fi wannan tsanani har bambancin gaba da baya ya kusa tsayin ɗaki, wato mita 2.5 zuwa 3, to akwai zaɓi na uku: a yi bene na ƙasa wanda gabansa ke cikin tudu, bayansa kuma yana buɗewa waje da ƙofa da tagogi. Inda bambancin yake tsaka-tsaki, ana iya raba daɓen gidan hawa biyu da tazarar rabin bene, sai dai wannan ya zama sake zanen gida, ya wuce sauya mazauni.

Gyara ƙasar da ke kewaye

Kafin a sassaƙa sabon wuri, a mayar da tsohon yadda yake. Duk wani dandali da aka baje, da ramin fandisho, da katanga da aka yi wa tsohon mazauni, a goge su, a sa manhajar ta sake gina ƙasa daga awon safiyo na asali. Shi ya sa yana da kyau a riƙe siffar ƙasa biyu, ta asali wadda ba a taɓa ta, da ta aiki wadda ake sassaƙawa, domin daga bambancinsu ne ake fitar da lissafin haƙa da ciko.

Manufar sassaƙar ita ce ruwa ya bar jikin bango ta kowane ɓangare. Kundin ƙa'idojin gina gidajen zama na IRC, wanda mafi yawan jihohin Amurka ke aiki da shi, ya ce ƙasa ta sauka aƙalla inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko daga fandisho, wato kimanin santimita 15 a cikin mita 3, kuma inda aka yi daɓen siminti a waje ya karkata kashi 2 cikin 100. Kowace ƙasa tana da nata dokokin, kuma su za a bi, amma wannan ma'auni ne mai kyau na farawa. A ɓangaren kwari abin yana zuwa da kansa. A ɓangaren tudu ne aikin yake, domin a can ƙasa tana gangarowa ne zuwa ga bango, dole a juya ta. A gidanmu ƙasa a jikin bangon gaba tana 102.80, saboda haka mita 3 daga bangon dole ta zama 102.65, alhali ƙasar asali a wurin tana 103.10. Ke nan ko a zaɓi na farko, sai an haƙa santimita 45 a gaba, a yi magudana mai faɗi marar zurfi, a karkatar da ita ta kewaye gidan ta gefe ɗaya ko biyu. Da zaɓi na biyu aka bi, da wannan haƙar ta kai santimita 95. A bakin gareji kuma a sa kwata mai murfin raga a gicciye, tunda hanyar motar ita kanta za ta zama hanyar ruwa.

Inda haƙa ko ciko ya haɗu da ƙasar asali, ko dai a kwantar da gefen ko a gina katangar tare ƙasa. Ba a so gefen ya fi mita ɗaya a tsaye cikin mita biyu a kwance tsanani, kuma idan za a shuka ciyawa a riƙa yanke ta, ɗaya cikin uku ya fi. Katangar da ta haura kimanin mita 1.2 aikin injiniya ce, kuma kowace katanga tana buƙatar tsakuwa a bayanta da ramukan fitar ruwa. A SketchUp umarnin Stamp yana baje dandali ya kuma haɗa shi da ƙasar kewaye gwargwadon faɗin da aka ba shi, Drape kuma yana kwantar da layin hanya a jikin ƙasa. A Chief Architect ana zana yanki mai tsayi ɗaya, da kuma katangar tare ƙasa, a kiyaye kada layukan tsayi biyu masu adadi dabam su giciye juna, domin a nan ne ƙasa ke yin tsini marar ma'ana. Revit tun daga fitowar 2024 yana zana ƙasa da Toposolid, wadda ke da kauri kamar daɓe, ana ƙara mata maki a sauya tsayinsu.

Fandisho, dubawa da fitar da alƙaluma

Fandishon da aka zana wa tsohon wuri bai dace da sabon ba, ko da ya biyo gidan lafiya. A sake gina shi. A gangare ana yin fandisho mai hawa-hawa, kowane hawa a kwance lebur, yana sauka tare da ƙasa, kuma kundin IRC bai yarda ƙasan fandisho ya karkata fiye da ɗaya cikin goma ba. Ya fi kyau tsayin kowane hawa ya dace da jerin bulo ɗaya ko biyu domin magini kada ya yi ta yanka. Zurfin kuma ana auna shi ne daga ƙasar asali mai ƙarfi, ba daga saman ciko ba, domin fandishon da rabinsa ke kan ƙasar asali rabinsa kan sabon ciko yana zama ba daidai ba, bango ya tsage a mahaɗar. Zurfi da faɗi da yawan rodi hukuncin injiniya ne bayan an gwada ƙasar wurin, abin da ke cikin zanen kawai nuni ne ga inda hawan zai faɗa.

Yanzu sai a fitar da zanen yanka, wanda ke nuna gida da ƙasa kamar an tsaga su da wuƙa daga titi har ƙarshen fili. A yi aƙalla guda uku: ɗaya ta tsakiyar gida yana bin gangare, ɗaya ta hanyar mota da gareji, ɗaya kuma a gicciye. A cikin kowanne a nuna layin ƙasar asali da ɗige-ɗige, na sabuwar ƙasa da cikakken layi. Kallon siffa mai fuska uku yana ɓoye kuskuren santimita 20 cikin sauƙi, yanka kuwa ba ya ɓoyewa. A duba ko akwai inda fandisho ya fito fili, ko inda ƙasa ta matso kusa da ƙasan taga ko ta rufe bakin ƙofa, a kuma sake ƙirga hawan matakalar kowace ƙofar waje, domin duk sun sauya. Idan akwai mai keken guragu a gidan, hanyarsa kada ta wuce ɗaya cikin goma sha biyu, wanda ke nufin hawan santimita 30 na ƙofar gaba yana buƙatar mita 3.6.

Lissafin haƙa da ciko da manhaja ke bayarwa na ƙasa ce a zaune. Ƙasar da aka haƙa tana kumbura a cikin mota, wadda aka daddanne kuma tana tsukewa, sannan ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye ba ta shiga ciko, ana kwashe ta gefe ne a mayar da ita wurin shuka. Saboda haka a rubuta a jikin takardar cewa adadin na ƙasa a zaune ne, ɗan kwangila ya ƙara nasa ƙiyasin.

Daga ƙarshe a ɗauko takardar nan ta alƙaluma shida. Turken awo dole ya nuna adadinsa na farko, haka ma kusurwoyin iyakar fili. Sannan a sabunta taswirar fili da sabon nisan kusurwoyi biyu daga iyaka ta fuska biyu-biyu, da kusurwar da bangon gaba ya yi da iyakar titi, da tsayin daɓe na 103.10, da na gareji na 102.95, da tsayin sabuwar ƙasa a kusurwoyi huɗu, da kibiyoyin da ke nuna inda ruwa zai bi. Wannan shafi ne mai safiyo zai riƙe ya kafa turaku a fili, kuma idan an riga an samu izinin gini da tsohon mazauni, shi za a mayar wa hukuma ta amince kafin katafila ta shiga.